Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara: Magana Kan Saƙar Mayafin Sanyi

Duk wanda ya taɓa yin asubanci a Ngaundare cikin watan Disamba ko Janairu ya san cewa sanyin tudun Adamawa ba abin wasa ba ne. Garin yana bisa tudu mai tsayin fiye da mita 1,000, kuma idan hunturu ya kankama, gyalen da mace ke yafawa zuwa biki ba ya tare mata komai. Haka abin yake ga 'yan uwanmu na Bamenda da ke tsakanin duwatsu. Amma dubi abin da iyayenmu mata ke rufa da shi a wannan lokaci: tawul, ko guntun bargo, ko wata rigar sanyi ta gwanjo da aka ɗinka domin jikin wata Baturiya. Alhali a cikin unguwanninmu akwai mata da yawa da suka iya saƙa da kwarashi, wasu ma da allura biyu. Sai dai duk gwanintarsu ta tsaya ga hular jariri da safa da kayan suna. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da hannun da ya iya saƙa wa jariri zai saƙa wa uwarsa, kuma kafin a sayi zare ko ɗaya, a fara yanke shawara kan siffar mayafin.

Na sa siffa a gaba domin a nan ake yin kuskure. Yarinya za ta buɗe wayarta, ta ga hoton mayafi mai kusurwa uku, ta yi makonni tana bin bidiyo, in ta gama sai ta tarar abin bai rufe mata kai ba, bai kai gwiwar hannu ba, tsininsa kawai ke reto a gadon baya. Laifin ba na hannunta ba ne. Kowace siffa da muke gani a intanet an haife ta ne a wani wuri, domin wani aiki. Matan tsibiran Shetilan, a arewacin Sikotilan, suna da mayafinsu na yau da kullum mai kusurwa huɗu daidai wa daida, wanda suke ninkewa biyu, su gitta shi a ƙirji, su ɗaure ta baya, domin hannuwansu su sami sakewar aiki. Matan tsibiran Faro sun ƙara wani ƙyalle a tsakiyar baya, suka kuma fitar da gurbin kafaɗa a cikin saƙar kanta, har mayafin ya zauna a jiki ba tare da an soka masa komai ba. A Orenbag ta Rasha, inda ake saƙa da laushin gashin akuya, akwai mai kauri na tsananin sanyi, akwai kuma shara-shara kamar yanar gizo-gizo wanda ake iya zarewa ta cikin zobe. Kowaccensu ta dubi jikinta da aikinta da sanyin garinta, sannan ta ɗauki allura. Mu ne kawai muke so mu ɗauko amsar wani mu liƙa wa tambayarmu, kuma Bahaushe ya riga ya ce kayan aro ba ya rufe katara.

To mene ne tambayarmu? Mayafin Bahaushiya yana da ayyuka da na Baturiya bai san da su ba. Dole ya hau kai ya sauko ya rufe ƙirji. Dole a iya jefa gefe ɗaya bisa kafaɗa ya tsaya. Sau da yawa akwai goyo a baya, ga majanyi, ga ɗankwali mai tudu. Idan aka auna da waɗannan, dogon mayafi mai kusurwa huɗu shi ne ɗan gida. Shi ne siffar gyale, kuma shi ne siffar lafayar da matan Cadi da Barno ke naɗawa, da tob na matan Sudan, waɗanda kan kai mita huɗu ko fiye. Ga mai koyo ma shi ya fi sauƙi, domin ba a ƙara ido ba a ragewa: adadin madaukan zaren da aka ɗora kan allura a layin farko, da shi za a tafi har ƙarshe. Mai kusurwa uku kuwa, wanda ake farowa daga wuya, sai an riƙa ƙara ido huɗu a kowane layi biyu, kuma rabin wahalar tana tafiya ne wajen tsinin da ba ya rufe komai.

Daga cikin na baƙi, wanda nake ganin ya cancanci mu karɓa hannu biyu shi ne na Faro. Faɗin nan da aka ƙara masa a baya kamar domin mai goyo aka yi shi, kuma matar da ke tuƙa tuwo ko ta sunkuya wanki ba za ta riƙa gyara shi kowane lokaci ba. Mai siffar jinjirin wata yana da kyau a wuyan budurwa bisa doguwar riga, iyakarsa ke nan. Akwai kuma da'irarre, wanda Elizabeth Zimmermann ta bayyana a littafinta na 1974, inda ake ninka yawan ido duk lokacin da yawan layuka ya ninka. Dabara ce mai daɗin lissafi, kuma zai yi kyau a shimfiɗa wa jariri ranar suna, amma a jikin babba sai an naɗe shi biyu, zaren mayafi biyu ke nan a wuri ɗaya.

Sai maganar huji. Mafi yawan hotunan da ke jan hankalin 'yan matanmu na saƙa ce mai raga-raga, wadda ana ganin abin da ke ƙarƙashinta. A wurinmu mayafi sutura ne kafin ya zama ado, don haka wadda za ta fita da shi ba tare da hijabi a ƙasa ba tana bukatar tsakiya mai cika. Abin sha'awa, matan Shetilan sun riga sun warware wannan a mayafinsu na aiki: tsakiya a cike, ado a gefe, sannan baki mai tsini-tsini. Wannan tsari ya dace da idonmu, tunda zanen gwado da luru ma a ratsi da baki suke nuna gwaninta. Kuma ina roƙon masu saƙa su daina kwafo ganyen itatuwan da ba mu taɓa gani ba. Dagi yana nan, zanen hula yana nan, zanen bangon soro yana nan.

Zaren da ya cika kasuwanninmu, wanda muke kira ulu, mafi yawansa na roba ne, ba gashin tunkiya ba. Yana da arha kuma yana jure wanki, amma akwai abin da ya kamata kowace mace ta sani: idan wuta ta taɓa shi narkewa yake yi ya manne wa fata. Gashin tunkiya na gaske ba ya saurin kamawa, yakan babbake ya mutu da kansa. Matar da za ta zauna gaban murhu da asuba, ko tsohuwar da ke jin ɗumi da kasko a ɗaki, bai kamata a yafa mata roba mai geza ba. Auduga kuma, wadda ake nomawa a yankunan Garwa da Marwa a fitar da mafi yawanta waje ɗanya, tana da sanyin jiki amma tana da nauyi, kuma idan mayafin ya yi tsawo sai ya riƙa saki. Mai aiki da ita sai ta matse saƙa, ta rage tsawo kaɗan tun farko.

Na san abin da za a ce: wa zai saya, ga na gwanjo da na inji a araha? Tambaya ce ta gaskiya, kuma lissafi yana goyon bayanta. Ɗauki mayafi mai faɗin santimita 60 da tsawon mita 2, da zare matsakaici mai ba da ido 2 da layi 3 a kowane santimita. Ido 120 ke nan sau layi 600, wato 72,000. Mai hannu da ke yin 30 a minti ɗaya za ta yi awa 40 tana zaune. Babu yadda za a yi ta sayar da shi kuɗin na dila. Amma ai hular kube ma ba a sayar da ita kuɗin hular inji, kuma ban taɓa jin namiji ya ce aikin hannun da ke jikin babbar rigarsa mai aska takwas ya yi tsada har ya fasa ba. Mun san darajar allura sarai idan a kanmu za ta hau. Sai idan aikin na mace ne, domin mace, sannan ake tuna ciniki.

Jama'ar da tufafinta suka kai Timbuktu da Tarabulus, kamar yadda Heinrich Barth ya shaida bayan ya ga Kano a 1851, bai kamata ta rasa wurin ajiye mayafi ɗaya na hannu a cikin al'adarta ba. Wurin kuwa yana nan a buɗe. Akwatunan lefe cike suke da atamfa da leshi da mayafan Dubai. A sa guda ɗaya saƙaƙƙe, wanda aka ba wata mata ta unguwa aikinsa wata biyu kafin biki, aka biya ta rabin kuɗi tun farko domin ta sayi zare mai kyau. Mai zuwa gaishe da surukarsa da hunturu ya riƙe shi maimakon turmi na biyar da za ta jefa a adaka. Ita kuma mai saƙar, kafin ta ɗora ido 120, ta fara saƙa ɗan ƙyalle kamar tafin hannu, ta wanke shi, ta shanya a kwance, ta auna, sannan ta je ta auna kafaɗar wadda za ta yafa, da ɗankwalinta a ka, da goyonta a baya idan tana da shi.