Idan Ba Mu Koyar da Fursuna Ba, Daji Zai Koyar da Shi

Tun da gwamnatin tarayya ta ɗaga kuɗin abincin fursuna daga naira 750 zuwa 1,125 a rana, magana ɗaya ake yi a majalisun Talata Mafara da Bakura: wai ɓarayi ake kiwo, har karatun jami'ar NOUN ake ba su kyauta, alhali ɗan mutumin kirki yana fafutukar kuɗin rajista. Hali zanen dutse ne, in ji su, ɓarawo ba ya tuba. Wannan zancen wanda bai taɓa kai wa ɗan'uwansa tuwo gidan yari ba ne.

Je ka ranar ziyara ka ga waɗanda ke ciki. Saurayi ne da aka kama da akuya ko wayar sata, wani ma bashi ya kai shi, uwarsa na tsaye a rana da kwano ɗaure a ɗankwali. Kusan biyu cikin ukun fursunonin ƙasar nan ko hukunci ba a yanke musu ba. Ka kulle irin wannan yaro ɗaki ɗaya da mai kai wa 'yan bindiga fetur da burodi, shekara biyu babu allo babu keken ɗinki, sa'annan ka yi mamaki in ya fito ya nufi dajin Maradun? Karatu kam sai ya yi shi a can, ko a hannun malami ko a hannun ɗan ta'adda.

Za su ce ai makarantun waje ma sun lalace. To, fursuna ne ya cinye kuɗinsu?

Abin da ke ci mini rai shi ne komai na kusa. Ga kwalejin fasaha ta Abdu Gusau a Mafara, ga ta aikin gona a Bakura, ga ruwan Bakolori kwance. Me zai hana malamansu shiga su koyar da walda, gyaran injin ban-ruwa da noman rani? Gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi hannu a harkar gidajen yari, don haka uzurin "aikin Abuja ne" ya ƙare.

Kuma ina bakin masu wannan surutu yake a 2020, da gwamnatin Matawalle ta yi tayin shanu biyu kan kowace AK-47? Auwalun Daudawa, wanda ya kwashe ɗaliban Ƙanƙara, ya dafa Alƙur'ani a Gusau a 2021, ba a cika wata uku ba ya koma daji. Shi an yarda zai tuba, amma ɓarawon akuya an yanke masa ƙauna! Wannan zalunci ne.

Ya kamata majalisar dokokin Zamfara ta ware kuɗin ajujuwan nan a kasafi. Duk wanda ya koyi sana'a a sallame shi da kayan aikinsa, a rubuta sunansa, a bibiye shi shekara uku, a ƙirga nawa suka koma ciki. Mai cewa asara ce ya jira wannan lissafi kafin ya sake buɗe baki.