Gani Ya Kori Ji: Yini Guda a Filin Ƙwallon Jami'ar Michigan

 Tun da na dawo Ibadan daga ziyarar da na kai Amurka a watan Oktoban 2023 nake ba abokan hira labarin wannan yini a majalisarmu ta Sabo, yau guntu gobe guntu, har wani dattijo ya ce don Allah in zauna in rubuta shi gaba ɗaya kunnuwansu su huta. To yau dai Allah Ya nufa.

Ɗan wana ne yake karatu a Jami'ar Michigan da ke garin Ann Arbor, tafiyar kamar kilomita 70 daga birnin Detroit. Ban fi kwana 3 da sauka ba sai ya ce mini, "Baffa, ranar Asabar za mu je kallon ƙwallon makarantarmu." Na ce, "Kai yaro, karatu aka turo ka ko ƙwallo?" Ya yi dariya ya ce, "Baffa, ranar Asabar ko malaman namu can za ka same su." Na bi shi ne kawai don kada ya yi asarar kuɗin tikiti, amma a raina na riga na raina abin. Wasan 'yan makaranta, me za a gani?

Kafin in yi nisa, mai karatu, ka sani ba ƙwallon da muka saba ba ce. Tasu doguwa ce kamar gwanda, kuma da hannu ake ɗaukarta a ruga ko a jefa. Kowane ɓangare mutum 11 ne, sanye da hular kwano da kayan kare kafaɗa. Ana ba masu ƙwallo dama 4 su ci gaba da yadi 10, wato irin yadin da tela ke aunawa. In sun cika a sake ba su wasu 4, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ta ƙarshen fili ya sami maki 6, wanda ya buga ta da ƙafa ta ratsa tsakanin ƙarafa ya sami 3. Wasan kashi 4 ne, kowanne minti 15. Iyakar abin da na iya riƙewa ke nan, kuma ya ishe ni.

Ni ɗan kasuwa ne, ba masanin wasanni ba, saboda haka da ma'aunin kasuwa na auna wurin. A wurina kasuwa tana cika kasuwa ne da abu 2: yadda baƙo ya shiga ya fita lafiya, da yadda ake biyan ɗan dako haƙƙinsa. Da waɗannan zan yi wa filin hukunci, amma bari in fara faɗa muku abin da idona ya gani.

Ranar Asabar 14 ga wata, ƙarfe 12 na rana za a take wasa da Jami'ar Indiana, amma tun ƙarfe 8 na safe gari ya ɗinke. Ga sanyi ga yayyafi, amma ko a jikinsu. Duk inda ka duba shuɗi da rawaya ne, launin makarantar, daga jariri a kafaɗa har tsohuwa mai dogara sanda. Masu gidajen da ke kusa sun mai da farfajiyarsu wurin ajiye motoci suna karɓar kuɗi. A filayen ajiye motoci kuwa kowa ya buɗe bayan motarsa, ya kafa rumfa, ya hura gawayi yana gashin nama, an baje kujeru ana ci ana hira. Wannan al'ada suna kiranta telget, kuma wasu tun asuba suke fara ta. Wallahi sai na ga kamar safiyar hawan salla, sai dai babu dawaki.

Filin kansa daga waje ba zai firgita ka ba, domin an haƙa shi ne cikin ƙasa kamar an binne ƙwarya. Sai ka ratsa ƙofa ka leƙa ƙasa sannan numfashinka zai ɗauke. An buɗe shi a 1927 da wurin zaman mutum 72,000, aka yi ta faɗaɗa shi har ya kai 107,601, kuma babu wanda ya kai shi girma a duk Amurka. Don ka gane, babban filin wasa na Abuja mutum 60,000 da ɗoriya yake ɗauka. Garin Ann Arbor gaba ɗayansa a ƙidayar 2020 mutum 124,000 ne ba kaɗan. Tun daga watan Nuwamban 1975 ba a yi wasan gida a wurin da 'yan kallo ƙasa da 100,000 ba, in ka cire shekarar 2020 da annobar korona ta hana taro. A 2013 sun tara mutum 115,109 a wasansu da Notre Dame. Masu son irin tamu ƙwallon kuma za su iya tuna wasan sada zumunci na Manchester United da Real Madrid a 2014, to a nan aka yi shi, gaban mutum 109,318.

Wurin zaman dogayen bencina ne aka rubuta wa lamba, kuma da yake kowa ya jibga rigunan sanyi, sai muka matsu kamar fasinjan danfo. A wannan sanyi ban ƙi matsin ba. Can sai ga 'yan badujala, ɗaruruwan ɗalibai maza da mata, sun ɓullo daga wata ƙofa a guje cikin sahu, da ganguna da ƙahonni. Shugabansu ya tsaya tsakiyar fili ya lanƙwasa ta baya har kansa ya kusa taɓa ƙasa, wuri ya ɗauki sowa. Suka busa waƙar makarantar, wadda wani ɗalibi ya tsara tun 1898, mutum sama da 100,000 suka miƙe suna rerawa suna ɗaga hannu tare. Tsohon da ke gefena, wanda a ido ya haura 70, ya rera ta daga farko har ƙarshe idonsa ya cika da ƙwalla. Da aka zauna ya ce mini a nan ya yi karatu, a nan ya haɗu da matarsa, kuma jikarsa tana can cikin ɗaliban da ke tsaye a kusurwa. A nan na fara gane cewa ba ƙwallo ce kaɗai ta tara mutanen nan ba. Makarantarsu suka dawo gaisarwa, ƙwallon dalili ce kawai.

Wasan kuwa, gaskiya ɗaya ce, bai burge ni ba. A yi gudu na daƙiƙa 5 a kwanta a kan juna, a tashi a yi shawara, a sake. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne wani mutum mai jar hula da kan shigo fili da agogo, sai kowa ya tsaya cak. Na tambayi yaron ko wani ya ji ciwo, ya ce, "A'a Baffa, talabijin ce ta tafi talla." Haka wasan da agogo ya ce minti 60 ne ya cinye mana sama da awa 3. Indiana ce ta fara cin maki 7, daga nan ba ta sake gani ba, aka tashi 52 da 7. Ashe kuma ƙungiyar da na kalla ita ce za ta ɗauki kofin ƙasa na wannan kaka, a watan Janairun 2024.

To mu dawo kan ma'auni na farko, wato baƙo. Layi 3 a gabanmu akwai wani mutum da ɗansa, su 2 kacal sanye da ja, launin Indiana, a tsakiyar tekun shuɗi da rawaya. Duk wanda ya yi zaman garin wasu ya san abin da ya sa idona ya kasa barin su. Lokacin da ƙungiyarsu ta ci makin farko, mutumin ya miƙe ya ɗaga ɗansa sama yana ihu. Na ce a raina yau za a yi ta. Na kusa da shi suka yi masa eho, aka yi dariya, shi ke nan. Da ruwa ya ƙare wa ɗan kada kuma aka yi ta zura musu maki, babu wanda ya jefe su ko da robar ruwa. Da aka tashi na ga wani ya dafa kafaɗar yaron yana ba shi haƙuri.

Ba wai mutanen can mala'iku ba ne, tsari ne ya yi aiki. Ba a shiga da jaka ko kaɗan, kowa sai an duba shi a ƙofa, kowane tikiti da ƙofarsa da layinsa da lambarsa, kuma a kowane tsani akwai ma'aikaci a tsaye. Wanda ya san in ya yi rashin hankali za a fitar da shi a gaban jikokinsa, dole ya kama kansa. Kuma kada in yi muku ƙarya, akwai ranakun da abin kan ɓaci. A watan Nuwamban 2024, bayan Michigan ta doke babbar abokiyar gabarta Ohio State da ci 13 da 10 a garin Columbus, 'yan wasan suka kaure da faɗa a tsakiyar fili har sai da 'yan sanda suka fesa barkono. Amma a abin da na gani da idona, mutum ya zo da ƙaramin ɗansa cikin taron da ba nasa ba, ya yi ihunsa, ya koma gida lafiya. A wannan ma'auni filin ya ci jarrabawa.

Ma'auni na biyu shi ne ya hana ni sakin jiki. Su wa ke ɗauke da kayan wannan kasuwa? Yara ne 'yan shekara 18 zuwa 23, sa'o'in ɗan wana, suna gwara kawunansu a kan juna domin mu ji daɗi. Likitoci sun daɗe suna gargaɗi kan illar da yawan buguwar kai ke yi wa ƙwaƙwalwa, ban da karaya da tsinkewar jijiyar gwiwa. Waɗanda ke samun shiga babbar gasar ƙwararru daga cikinsu ba su kai 2 cikin 100 ba. A gefe guda kuma ga mai jar hula da agogonsa: a 2022 rukunin jami'o'in da Michigan ke ciki, wato Big Ten, ya ƙulla cinikin nuna wasanni da gidajen talabijin na Fox da CBS da NBC a kan sama da dala biliyan 7 na shekara 7. Manyan masu horarwa kuma miliyoyin daloli suke ɗauka a shekara.

Shekara da shekaru dokar hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ta ce ɗan wasa ɗalibi ne, ba a biyan shi. Masu kare wannan doka suna cewa ai an ba shi karatu da ɗaki da abinci kyauta, kuma duk wanda ya taɓa biyan kuɗin makarantar Amurka ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na yarda. Amma a kasuwa in ɗan dako ya sauke maka tirela guda, ba ka ce masa ai ka ba shi abincin rana ba, alhali kai ka san ribar da ke cikin kayan. Ko shi kocin Michigan na lokacin, Jim Harbaugh, ya fito fili a 2023 ya ce a riƙa raba kuɗin da yaran.

Alhamdu lillahi abin ya fara sauyawa, ko da yake sai da aka je kotu. A watan Yunin 2021 Kotun Ƙolin Amurka, alƙalai 9 baki ɗaya, ta yanke hukunci a kan NCAA game da iyakance tallafin karatu, kuma daga 1 ga Yulin shekarar aka bar 'yan wasa su karɓi kuɗin talla da sunansu da hotonsu. A watan Yunin 2025 kuma wata kotu ta amince da sulhun da ya ba kowace jami'a damar biyan 'yan wasanta kai tsaye, har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko, tare da diyyar kusan dala biliyan 2.8 ga waɗanda suka yi wasa a baya. Wasu na kukan an ɓata wasa da kuɗi. Ni kuwa na ce kuɗin sun daɗe a ciki, hannun da ke karɓa ne kawai ya ƙaru. A wannan ma'auni ba zan ce an ci jarrabawa ba tukuna, sai dai in ce an fara biyan bashi.

Ga wanda Allah Ya kai shi can, shawarata ita ce ya je, ko da bai san dokar wasan ba. Ya fita da wuri, domin rabin daɗin yana waje kafin a buɗe ƙofa. Ya sa kayan sanyi fiye da yadda yake zato, ni rigar sanyi 1 na sa a kan kaftani na kuwa ji a jikina. Ya ci abincinsa a gida ko ya tambaya kafin ya karɓa, domin mutanen akwai kyauta, amma yawancin naman da ake gasawa akwai na alade a ciki, ga kuma giya a rumfuna. Ya kuma lissafa lokacin salla tun kafin ya shiga. Mu da aka tashi wajen 3 da rabi muka yi sauri muka sami azahar a cikin lokacinta.

A hanyar komawa yaron ya ce, "Baffa, yaya ka gani?" Na ce, "Ƙwallonku dai ku riƙe abarku. Amma in ka gama karatun nan ka yi shekara 50, ina fata ka sami abin da zai dawo da kai gaida makarantarka kamar tsohon can." Ya ce, "To Baffa, kai yaushe rabonka da taka?" Ban ba shi amsa ba, domin na ƙirga na ga an haura shekara 30.

Allah Ya sa mu dace, Ya tsare mana 'ya'yanmu a duk inda suke neman ilimi. Sai mun sake saduwa. Wassalam.