Mai Kwamfuta Da Mai Zubi: Wa Zai Koya Wa Wani?

Duk wanda ya hau dutsen Kufena ya dubi gabas zai hango birnin Zazzau da ragowar ganuwarsa, in ya juya arewa kuma ya hango Samaru da gine-ginen Jami'ar Ahmadu Bello. Ƙasar da ke shimfiɗe tsakanin waɗannan wurare ta daɗe da sanin wuta da ƙarfe. A shekarun 1970 masu binciken kufai na jami'ar sun tono wuraren narkar da tama a yammacin Samaru, waɗanda shekarunsu suka haura dubu. Waɗancan magabata ƙira suke yi, su gasa ƙarfe su buge shi bisa uwar maƙera. Zubi kuwa, wato narkar da ƙarfe ya zama ruwa a tsiyaya shi cikin mazubi, an fi saninsa da maƙeran fari masu aikin tagulla da azurfa, sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu zubin alminiyam ya bazu a Afirka ta Yamma, har tukunyarsa ta kusa korar ta yumɓu daga murhu.

Yau a Zariya akwai mutum biyu masu sana'ar fitar da siffa daga ƙarfe, kuma ba su cika haɗuwa ba. Na farko yana cikin rumfa, gabansa yashi mai danshi da akwatin katako da tsoffin gwangwanaye. Na biyu yana gaban kwamfuta a tsangayar injiniya, yana jujjuya zanen abin da bai taɓa riƙewa da hannu ba. Ra'ayina shi ne, manhajojin nan da ake kira CAD da CAM ba za su tsinana mana abin kirki wajen yin mazubi ba sai na biyun ya je ya durƙusa gaban na farko. Kusan duk shawarar da zan kawo a ƙasa, mai zubi ya riga ya san ta da yatsunsa. Abin da kwamfuta ta ƙara shi ne lamba.

Bari mu fara daidaita kalmomi. Mazubi shi ne kogon da ake zuba narkakken ƙarfe ko narkakkiyar roba a ciki. Samfuri shi ne abin da ake dannawa cikin yashi don ya bar wannan kogo. CAD ita ce manhajar da ake zana abu da ita a kwamfuta, da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa. CAM kuma ita ce ke karɓar zanen ta mai da shi umarni ga injin sassaƙa ƙarfe: je nan, nutsa milimita kaza, juya da sauri kaza. Abin ba na jiya ba ne. An gwada injin sassaƙa mai bin umarnin lambobi a cibiyar MIT ta Amurka tun 1952, a 1963 Ivan Sutherland ya nuna zane a fuskar kwamfuta, a shekarun 1960 ɗin kuma Pierre Bézier na kamfanin motocin Renault a Faransa ya tsara lissafin lanƙwasa musamman don jikin mota da ƙarafan da ake matse shi da su. AutoCAD ta fito a 1982, SolidWorks a 1995.

Wani zai ce, ina ruwan biri da gada? Me ya kai malamin ilmin halittu cikin zancen maƙera? Mai karatu ya yi haƙuri, zai ga cewa dokokin da ke mulkin ruwan ƙarfe ba su yi nisa da waɗanda ke mulkin jikin giwa da reshen bishiya ba.

Abu na farko da ɗalibi ke mantawa shi ne, ƙarfe yana tsukewa idan ya huce. Alminiyam yana narkewa a digiri 660, kuma daga daskarewarsa zuwa hucewarsa yana raguwa da wajen kashi 1.3 cikin ɗari. Baƙin ƙarfen zubi yana raguwa da wajen kashi 1, tagulla wajen 1.5. Ƙaramin abu ne a ido, amma a ɗauki tukunya mai faɗin baki milimita 400: za ta fito da ragin milimita 5 da ɗoriya, murfin da aka yi mata a wani wuri ya ƙi zama. Maganin a CAD bai fi danna maɓalli ɗaya ba, a faɗaɗa dukan zanen da 1.013. In kuwa da samfurin katako za a fara zuba samfurin alminiyam, sannan a riƙa zuba tukwane da shi, to ragi biyu ke nan, sai a ninka ƙarin. A nan ne ma kwamfuta ke da abin da za ta ba mai rumfa. Al'adarsa ita ce ya ɗauki tsohuwar tukunya ya mai da ita samfuri, 'yarta kuma ta zama samfurin wani. A lissafi, in aka yi haka sau goma a jere, bakin nan mai milimita 400 zai koma wajen 350. Mu a fannin halittu mun san wannan: kuskure ƙanƙani da ake gada daga uwa zuwa 'ya, taruwa yake yi. Zanen da ke ajiye cikin kwamfuta shi ne uwar da ba ta ƙanƙancewa. Ga masu mazubin roba lamarin ya fi tsanani, domin kowace roba da halinta: irin wadda ake bokiti da buta da ita tana iya raguwa da kashi 1 zuwa 2.5, wata mai tauri kuma ba ta kai kashi 1 ba. Kada a sassaƙa mazubi kafin a tabbatar da irin robar da za a zuba.

Sai batun fita. A dubi tandar waina: kowane gurbi bakinsa ya fi gindinsa faɗi, shi ya sa wainar ke juyuwa ba gardama. A dubi bokitai a kasuwar Sabon Gari yadda suke shiga cikin juna. Ba ado ba ne, dole ce. Bangon da ya miƙe sak, in aka zo zare samfuri sai ya ja yashi ya rushe kogon, in roba ce kuma ta maƙale. Ana karkata bango da digiri 1 zuwa 3, ciki ya fi waje buƙata, mai zane-zane a jiki ya fi sumul buƙata. Digiri ɗaya a zurfin milimita 200 yana cin milimita 3 da rabi, don haka tun farkon zane ake sa shi, tare da yanke shawarar inda ɓari biyu na mazubin za su rabu. Manhajojin suna da wani ma'auni da ke shafa wa zane launi, ya nuna fuskar da za ta fita da wadda za ta maƙale. Ɗalibai da yawa ba su san yana nan ba, domin zanensu a takardar jarrabawa yake ƙarewa, ita kuwa takarda ba ta maƙalewa.

Inda na fi son in daɗe shi ne kaurin bango. Muna koya wa 'yan aji ɗaya cewa ɓera yana saurin rasa zafin jikinsa saboda fatarsa tana da yawa in aka gwada da namansa, giwa kuwa zafi taruwa yake yi mata, har sai ta riƙa fifita da kunnuwa. Wannan doka ita ce Nicolas Chvorinov ya rubuta wa masu zubi a 1940: lokacin daskarewar ƙarfe yana bin girman jikinsa a raba da faɗin fatarsa, a ninka sakamakon da kansa. Wato bangon da ya ninka wani kauri, sau huɗu zai ninka shi daɗewa kafin ya daskare. To, ina illar? Wuri mai kauri shi ne giwa a tsakiyar ɓeraye. Kewayensa ya riga ya sandare, shi yana nan ruwa, idan ya zo tsukewa babu inda zai jawo ƙari, sai ya bar rami a cikinsa. Duk uwargidan da tukunyarta ta fara yoyo daga gindin kunne, wannan ramin ta saya. Don haka a daidaita kaurin bango gwargwadon iko, in dole ne a tashi daga siriri zuwa kauri a tashi a hankali, a kuma sa rumbun ƙarin ruwan ƙarfe a kan wurin da zai daskare a ƙarshe. Manyan manhajoji suna kwaikwayon yadda ruwan zai gudu da inda zai huce, amma suna da tsada, kuma amsarsu ta dogara ga abin da aka gaya musu game da yashin. Wa ya san danshin yashin Zariya a watan Agusta, da bushewarsa a watan Janairu? Mai rumfa, wanda ke damƙar sa a tafin hannu ya karya ya duba.

Haka kusurwa. Galibi reshe ba ya fita daga jikin bishiya da kusurwa mai kaifi, da lanƙwasa yake haɗuwa da uwarsa, domin a lungu mai kaifi nauyi ke taruwa, tsagewa ta fara. A zagaye kowane lungu a zane. Akwai ma dalili na biyu: bakin da injin ke yanka da shi zagayayye ne. Baki mai kaurin milimita 6 ba zai taɓa fitar da lungun da ya fi milimita 3 tsukewa ba, ko da kwamfuta ta zana shi kamar bakin reza. Mai zane ya fara tambayar irin bakunan da ke cikin akwatin ma'aikatar kafin ya zana.

A ɓangaren CAM ba zan tsawaita ba. A fara da babban baki a kwashe tarin ƙarfen, a bar kamar rabin milimita, sannan ƙaramin baki ya bi ya goge. A kalli kwaikwayon yankan a fuskar kwamfuta daga farko har ƙarshe, a saki injin ya yi yawonsa a iska sama da ƙarfen, sannan a gwada a kan katako. A tabbata inda kwamfuta ta ɗauka a matsayin sifiri nan injin ma ya ɗauka. A tabbata kowa da milimita yake magana. A 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars saboda ɓangare ɗaya ya yi lissafi da ma'aunin Ingilishi, ɗayan da na mita.

Akwai kuma abubuwan da littattafan Turai ba su damu da su ba, mu kuwa su ne rayuwarmu. Wutar lantarki na iya ɗaukewa ana tsakiyar yanka, saboda haka a datsa umarnin gunduwa-gunduwa yadda za a iya ci gaba daga inda aka tsaya. Ma'aunin injiniyoyi na duniya a zafin digiri 20 aka ɗaure shi; guntun alminiyam mai tsawon rabin mita, in zafi ya ƙaru da digiri 20 tsakanin asubar hunturu da azahar, zai miƙe da kusan rubu'in milimita, wanda ya isa ya sa mazubin roba tsiyaya ta gefe. Samfurin katako yana kumbura da damina ya motse da rani, kuma ta faɗi yake yin haka fiye da ta tsawo, saboda yadda zaruruwan itace suke kwance. A nemi busasshen maɗaci, a shafe shi da fenti. Wanda ya buga samfurinsa da injin ɗab'in siffa, ya sani robar PLA da aka fi amfani da ita tana laushi a wajen digiri 60, kada ya bar ta cikin rufaffiyar mota a watan Afrilu. Game da manhaja kuwa, ban ga dalilin dogaro da kwafin sata ba alhali FreeCAD kyauta ce, ba ta buƙatar intanet kafin ta yi aiki, kuma fitowarta ta 1.0 a Nuwamba 2024 ta isa aikin samfuri. A ajiye kowane zane a tsarin STEP, wanda kusan kowace manhaja ke buɗewa.

Abu guda ne kwamfuta ba ta gani sam: abin da aka jefa cikin tukunyar narki. Mukan ce tukunyar dalma, alhali dalma ta gaskiya guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Wani bincike da aka buga a 2014 kan tukwanen da ake zubawa da tarkace a Kamaru ya nuna dalma tana fita daga jikinsu in an dafa abu mai tsami. Samfuri mai kyau ba zai wanke mugun tarkace ba. A nan masu ilmin sinadarai da na halittu ke da aiki a rumfar: su taimaka a ware gwangwani da tsohuwar tukunya daga tarkacen injin da ke ɗauke da dalma.

Me ke kan faifai? Masana'antun roba na Sharaɗa da Challawa da Bompai a Kano akasarin mazubansu daga ƙasashen waje ake sayo su, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 kowane mazubi ya ƙara nauyi a aljihu. Ba na cewa gobe za mu sassaƙa mazubin kujerar roba, wannan yana son ƙarfe na musamman da injina manya. Amma murfin tukunya, da tanda, da faifan injin markaɗe, da ƙafar famfon ban-ruwa, duk muna iyawa. Shirin nan na SIWES da ke tura ɗalibai koyon aiki, wanda aka fara tun 1973, me zai hana ya amince da rumfar mai zubi a Zariya ko a Panteka ta Kaduna a matsayin wurin horo? Ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello ko na Kwalejin Fasaha ta Nuhu Bamalli ya yi wata biyu yana tankaɗe yashi yana danne akwati kafin a bar shi ya buɗe kwamfuta. Sannan ya auna tukunya mai lamba ɗaya a rumfuna biyar, ya ga yadda bakunansu suka saɓa, ya zana samfuri guda da ƙarin kashi 1.3 da karkatar digiri 2, a sassaƙa biyar a rarraba musu. Makin aikinsa kuma kada a bayar a ofis. A ɗauki murfi daga rumfa ta farko a kifa a kan tukunyar rumfa ta biyar, a gaban maigidan rumfar, a ga ko ya zauna.