Wanda ya ɓarnatar da hatsi, gona ya ɓarnatar

Ƴan uwa manoma da makiyaya na Tasawa da Mayahi, in an yi zancen gurgusowar hamada, hankalin kowa sai ya koma ga dashen itace. Hakan daidai ne. Tun 1975 ƙasarmu ta keɓe ranar 3 ga Agusta domin itace, kuma a Maraɗi ne aka yi babban taron yaƙi da hamada a watan Mayu na 1984. Amma akwai wani fagen wannan yaƙi da ba a cika ambata ba, shi ne rumbu da tukunya.

Wani zai ce ɓarnar cimaka lalurar ƙasashen masu arziki ce, talakan da ya ga yunwar 1973, ta 1984 da ta 2005 me zai zubar? A 2011 hukumar FAO ta ƙiyasta cewa kusan kashi 1 cikin 3 na abincin da duniya ke nomawa ba ya kaiwa bakin mutum. A Turai da Amurka yawancinsa a kantuna da gidaje ake zubar da shi. Mu kuwa tamu asarar tun daga gona take farawa: damin da aka bari a ƙasa gara ta ci, rumbun da ba a yaɓe ba ɓeraye suka shiga, waken da ƙwari suka huda kafin rani ya raba. Sai kuma bukin aure da na suna, inda ake tuƙa tuwo don a gani a faɗa, washegari a juye shi a bola.

Kowace tiyar hatsi da ta lalace, sai an nemi madadinta. Mai gida zai faɗaɗa gona, ya ci burtali da makiyaya, ya daina hutar da ƙasa. In rumbu ya ƙare kafin damana, sai a ɗauki gatari a sari itace a kai kasuwa, ko a matsa wa kabar Gulbin Kaba da yanka. Ashe ramin da ɓera ya haƙa a rumbu, a daji ake biyan bashinsa.

Ba mu kaɗai ne muka san darajar abinci ba. Mutanen Indiya suna da tsofaffin littattafan addinin Hindu da ake kira Beda, waɗanda mafi daɗewarsu ya haura shekara 3000. A wani sashe mai suna Taittiriya, an ɗauki abinci a matsayin tushen rayuwar dukan halitta, an kuma mai da girmama shi da yalwata shi wani alkawari da mutum ke ɗauka. Wani littafin, Atarba Beda, ya ɗauki ƙasa tamkar uwa. Addininsu daban, namu daban, amma a wannan gaɓa hikima ta haɗu, don Musulunci ya hana almubazzaranci, ya kuma sanya zakka a kan amfanin gona. Iyayenmu mata ma da wannan tarbiyya suka tashi: tuwon da ya kwana ya zama ɗumame, ƙanzo a shanya shi, dusa ta tafi ga dabbobi, toka da shara su koma gona su zama taki. A gidan da aka san ciwon kai, babu abin da ake kira saura.

Dabarun zamani ma sun zo sun taimaka. Daga 2007 aka fara yaɗa buhun PICS mai ruɓi 3, wanda masanan jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, kuma cibiyar binciken noma ta INRAN a Maraɗi ta sa hannu wajen gwada shi. Leda 2 ne a ciki, buhu a waje. In an ɗaure su tam, iska ta yanke wa ƙwari, wake ya zauna lafiya ba tare da an zuba masa guba ba. Haka nan sassaben zamani, wato barin tohon kututture ya girma cikin gona, wanda ya fara bazuwa a yankin Maraɗi daga 1983, ya farfaɗo da itatuwa a fili mai kimanin hekta miliyan 5. Manoma da hannunsu suka yi wannan aiki. Hannun da ya raya gawo ba zai kasa gyara rumbu ba.

Saboda haka muna kira ga sarakuna da masu gari su sa a duba rumbuna kafin kaka, kamar yadda ake shirin shuka kafin ruwa. Malamai su tunatar da jama'a a wa'azi cewa albarkar buki ba a yawan tukwane take ba. Ƙungiyoyin manoma su ƙarfafa rumbunan tsimi, don kada a sayar da hatsi da araha a kaka, a sake sayensa da tsada a bazara. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi: noman da rabinsa zai ƙare a bakin ƙwari wahala ce ga mutum, zalunci ne ga ƙasa.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya ba mu ikon riƙe amanar abin da muka girbe.