Daga Madinat Nasr: Mayar da Darasi Hausa

Jarrabawa ta matso a Jami'ar Azhar, kuma duk wanda ya bi ta Hayyul Ashir ko Hayyus Sabi' zai ga layi a shagunan fotokwafi. Kowa na neman muzakkira, wato taƙaitaccen bayanin da wani ya tsamo daga littafin malami. A haddace ta, a juye a takarda, bayan wata biyu ta bi iska. Ban ga laifin mai yin haka ba. Malamai da yawa da ammiyyar Masar suke bayani, ɗalibin da ya zo daga Kano ko Maraɗi da Larabcin littafi sai ya fita aji da rabin magana. Ga fargabar maimaita shekara, ga kuɗin haya, ga iyaye a gida suna ƙirga watanni.

Mu shida ne a gidanmu, kuma tun bara muka ɗauki wata al'ada. Kowace mako ɗaya daga cikinmu za ta rubuta shafi guda da Hausa kan darasin da ya fi ba ta wuya, sauran su karanta da jan biro a hannu.

A nan ake gane wanda ya fahimta. Ɗauki usulul fiƙhi. Da Larabci kowa zai zuba maka ma'anar sababi da sharaɗi da mani'i ba gargada. To ce masa ya faɗa da Hausa. Nan take zai kira dukkansu "dalili", alhali dalili a wajen malaman usulu hujja ce, ba abin da ya jawo abu ba kamar yadda muke nufi a gida. Sai wata ta zauna ta rubuta cewa gushewar rana daga tsakiya ita ke wajabta azahar, alwala kuwa ba ta wajabta komai amma salla ba ta inganta sai da ita, haila kuma ta zo ta hana. Wadda ta iya rubuta wannan, ko an juya mata tambaya a jarrabawa ba za ta ruɗe ba.

Hanyar ma ba tamu ba ce. Almajiran zaure sun daɗe suna cusa fassarar ajami tsakanin layukan Iziyya da Risala. Dasuƙi, wanda ya rasu a 1815, a nan Azhar ya karantar, kuma hashiyarsa a kan sharhin malaminsa Dardir har yau ana buɗe ta a Sakkwato da Zariya.

Akwai wahala, ba shakka. Shafi guda kan cinye awa biyu, gyaran ƙawa kuma yana da ɗaci, musamman in ta girme ka a aji ba a shekaru ba. Biyu daga cikinmu kan tsere wa zaman in makonsu ya zo. Amma shafukan sun haura talatin yanzu, muna ajiye su a kan firji, kuma sababbin ɗalibai mata da suka iso a Oktoba su suka fara nema kafin muzakkira.