Tamowa a Arewa: Haƙƙin Jariri da Ake Mantawa a Kan Mumbari

A watan Yulin 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayyana cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin watanni shida na farkon shekarar, sakamakon tamowa. An ɗora alhakin a kan tsadar abinci, da 'yan bindigar da suka raba manoma da gonakinsu, da janye tallafin da ƙasashe irin su Amurka suka yi. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai akwai ɓangaren da ke cikin gidajenmu, kuma shi ne ba mu cika jin malamai sun taɓo ba.

Likitoci sun daɗe suna nuni ga kwanaki 1,000 na farko, wato daga shigar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu. A wannan tsakanin ne ƙwaƙwalwa ke ginuwa da saurin da ba za ta sake yi ba. Yaron da ya tsumbure a lokacin, da wuya abincin da zai samu daga baya ya mayar masa da duk abin da ya rasa, a jiki ko a fahimta. Sau da yawa shi ne za a zaunar gaban allo yana ɗan shekara bakwai, hadda ta ƙi zama, a ce daƙiƙi ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a sa jariri a nono cikin sa'ar farko, a ba shi nono zalla wata shida, a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara biyu. Musulmi bai kamata ya ji wannan a matsayin baƙon zance ba. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa, ta ɗora ci da tufatar da mai shayarwa a wuyan uba, ta kuma gindaya yaye kafin lokacin da yardar iyayen biyu da shawararsu. Rabin farko na ayar ya shahara a wurin wa'azin mata. Rabin da ya shafi aljihun maigida kuwa, a ganina, ba ya samun irin wannan kulawa.

Dubi yadda muke yi. Magidanci zai ci bashi ya sayi ragon suna, a yi taro, sannan mai jego ta koma kan tuwo da miyar kuka har ta yaye. A wasu gidajen har yanzu ana tatse dakashi a zubar da sunan ƙazanta, alhali shi ne kariyar farko ga jariri. Idan uwa ta sami ciki, sai a cire yaro daga nono rana ɗaya a kai shi gidan kaka, inda kunu tsararo zai zama cimarsa.

Talauci uzuri ne na gaske, ba a musu. Amma gyaɗa da wake da waken suya da zogale a ƙasarmu ake noma su, kuma cokalin garinsu a cikin kunun yaro ya fi arha a kan jinyar mako guda. Limamin da ke tunatar da mutane zakkar fidda-kai kowace shekara yana iya tunatar da masu fitar da zakkar hatsi cewa a layinsu akwai mai goyon da ba za ta taɓa fitowa ta roƙa ba.