Zauren Uwargida: Kayan Amarya Ta Waya, Kada A Yi Cinikin Biri A Sama

 

Yau za mu tattauna a kan tufafin amarya. A da, idan an sa ranar yarinya a Daura, uwa da gwaggo su ne za su shiga kasuwa, ko a shirya musamman a bi ta Kazaure a sauka Kantin Kwari a Kano, a warware turmi a taɓa, a ɗaga shi a rana, sannan a taya. Yanzu kuwa yarinya na kwance a ɗaki za ta ga doguwar riga a Instagram ko TikTok, ta ce ita fa wannan za ta sa ranar kamu ko walima. Sai a tura kuɗi ga wanda ba a taɓa gani ba, a zauna jiran mota a tasha. Wani lokaci a dace. Wani lokaci kuma kaya su iso ana saura kwana uku biki, launi daban, yadi shara-shara, ga kuɗi sun tafi, ga ɓacin rai tsakanin uwa da 'ya.

Ba cewa nake a daina saye ta waya ba, domin ya sauƙaƙa wa mata da yawa, musamman na Baure, Zango, Sandamu da Mai'aduwa waɗanda zuwa Kano kan cinye musu yini guda. Maganata ita ce, hoto ba kaya ba ne, kuma malamanmu sun daɗe da tsara mana wannan ciniki. A littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 996 Miladiyya, an halatta sayen abin da ba ya gabanka in an siffanta shi, amma an hana sharɗanta biyan kuɗi tun kafin kaya su zo, sai in wurin kusa ne ko abin ba mai canzawa ba ne. Har tufafi ya ambata, cewa ba a sayen wanda ba a warware ba kuma ba a siffanta ba, ko a cikin duhun dare. To uwargida, hoton da aka gyara wa haske, ko wanda kwamfuta ta ƙirƙira, ina bambancinsa da duhun dare?

Saboda haka abu na farko shi ne a nemi cikakkiyar siffa a rubuce. Wane irin yadi ne, auduga ne ko roba? Yadi nawa ne? Turmin atamfa yadi 6 ne, leshi kuwa galibi yadi 5 ake yanka shi. A sa mai kaya ta kira ta bidiyo, ta fita tsakar gida da rana, ta warware yadin, ta nuna gaba da baya da kuma rubutun bakinsa. Atamfa ta ƙwarai launinta ɗaya ne ciki da waje, ta kwaikwayo kuwa sau da yawa bayanta a koɗe yake.

Na biyu, a lura da farashi. Atamfar Holan ta kamfanin Vlisco, wanda aka kafa a 1846, da shaddar Getzner ta ƙasar Ostiriya, daga Turai suke zuwa, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗinsu suka ƙara sama. Duk wadda ta ce za ta ba ki su a rabin kuɗin da ake sayarwa a Kwari, to ki sani da walakin, goro a miya. Ba laifi ba ne a sayi atamfar Sin in ita ce daidai ƙarfi, akwai masu kyau a cikinsu. Laifin shi ne a sayar miki da ita da sunan Holan.

Na uku, a dubi yanayin garinmu. Bikin da ya faɗo a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da Daura ke tafasa, bai dace da rigar roba mai nauyin duwatsu ba. Amarya za ta wuni cikin taro, ga mayafi, ga lalle, ga turare. Auduga ko leshi mai laushi zai fi mata. In kina shakka, ki zare ɗan zare daga gefe ki kunna masa ashana: auduga za ta ƙone ta zama toka, roba kuwa narkewa take ta dunƙule. Ki kuma jiƙa farin ƙyalle ki goga a gefe guda, don ki ga ko yana zuba.

Na huɗu shi ne sutura. Yawancin rigunan da ake tallatawa an ɗinka su ne don wasu al'ummu, wuya a buɗe, hannu raga, jiki a matse. Kafin a saya, a tambayi ko tana da shafi, da tsawon hannu da faɗin wuya. Kada a dogara da lambar da ke jikin riga, domin lamba 12 ta Ingila ita ce wajen 8 a Amurka. A je wurin tela mace ta auna yarinya da inci, a tura awon. Sau tari ma ya fi sauƙi a sayi yadin kawai, a kai wa telar gida wadda za a iya komawa wurinta a rage ko a ƙara.

Sai batun kuɗi da lokaci. In da hali, a biya bayan kaya sun iso. In ba hali, a ba da kafin alƙalami, a cika in an gani, ko a sa wani ɗan'uwa da ke Kano ko Katsina ya je shagon ya gani da idonsa. A yi yarjejeniya a rubuce cewa in kaya suka saɓa wa siffa za a mayar, a kuma adana saƙonni da shaidar tura kuɗi. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba ki damar mayar da kayan da suka saɓa wa yadda aka siffanta su, amma sai da shaida a hannu. Kuma a yi oda aƙalla wata biyu kafin biki, a kauce wa gab da Sallah ko Gani, lokacin da teloli ba sa ɗaga kai. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ke kuma 'yar'uwa mai sana'a ta waya, ki ji tsoron Allah, ki faɗi aibin kayanki. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi gargaɗi mai tsanani a kan algus.

A ƙarshe, iyaye mata, mu zaunar da 'ya'yanmu mu duba wayar tare da su, maimakon faɗa bayan an yi asara. Rigar wuni ɗaya ba ta kai a ci bashin da zai bi iyaye shekara ba. Gara wadda yarinya za ta sake sawa a suna ko Sallah.

Allah ya ba 'ya'yanmu mazaje nagari, ya sa albarka a aurensu, amin. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.